Bayan Baba Mande

Kuɗin hoton suna bakwai da walima uku na ƙulle a aljihu,
na nufi shagon Muntari, bayan tsohuwar kasuwa,
inda fanka ke kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Ya shimfiɗa tsumma, ya ɗora gilasan kamara biyu,
baƙaƙe, kowanne da nauyin guntun taɓarya.

Na farko mai zuƙowa ne.
Ka murɗa wuyansa, saba'in ta koma ɗari biyu,
mai goron da ke tsallaken titi
sai ga shi a gabanka har da jan haƙora.
"Wanga," in ji Muntari, "ɗan aiken raggo ne,
kana zaune yana yi maka tafiya."

Na biyu kafaffe ne, ɗari da talatin da biyar,
ba ya gaba, ba ya baya,
taurin kai irin na jakin da ya hango gada.
Amma in ya buɗe ido, har iyaka yake buɗewa,
ya sha haske yadda rairayi ke shan ruwan fari.
Mutum ya fito tas, gashin gira ɗaya-ɗaya,
abin da ke bayansa kuwa ya narke
kamar man shanu a kan tuwo mai zafi.

Na gwada su a kan yaron shago.
Da na farko kalandar bango ta dusashe, amma ana karanta wata.
Da na biyu babu wata, babu bango.
Mai zuƙowa zai ci da ni ranar taro,
inda ba a ja da baya sai an taka ƙafar wani.
Kafaffe zai sa a ce, wa ya ɗauki wannan?
Kuɗina na ɗaya ne tak.
Na ɗauki wanda zai sa a tambaya.

Asabar bayan la'asar na gangara fadamar Kwalkwalawa.
Baba Mande na tsakiyar albasa, wando naɗe har gwiwa.
Ya ce in ɗauke shi, ɗansa na Fatakwal yana son gani.
Na ja baya. Bai shiga ba.
Na ƙara ja, dugadugai cikin laka,
har na zurma ramin ban-ruwa,
shi yana dariya, ni ina ɗaga kamara sama kamar jariri.
Can, jiƙe har ƙugu, na same shi.

Ban taɓa yin hoto irinsa ba.
Kowane layi na goshinsa,
ɗigon gumi da ya tsaya a kan hanci yana shawara,
bayansa kore kawai, zube,
ba kunya, ba ganye.

Na miƙa masa. Ya goge hannu a riga,
ya yi wa allon inuwa da tafi, ya daɗe.
"Yaro, ina albasata?
Ina injin da nis saya bara? Ina gulbi?
Wanga tsoho ai na san shi.
Yaron can gona yaka tambaya,
shi ya aiko kuɗin iri."

Na matse ƙofar hasken, na koma cikin laka.
Ganye ya dawo, inji ya dawo da jan fentinsa,
buhunan taki, igiyar guga,
da wata jar akuya da ba a gayyata ba.
Hoto irin wanda wayar kowa za ta yi.
Shi ya ce a tura.

Na farkon yana wurina, ban goge ba.
In an kawo wuta a Mabera nakan buɗe shi da dare,
in dubi wannan koren da ba shi da suna,
in ce yana da kyau.
Yana da kyau mana.

Gobe akwai ɗaurin aure a Runjin Sambo,
lungun matsattse ne,
ban san inda zan ja baya ba.